Bonet ɗin kabon faiba a kan E46: ya ci kuɗinsa a zafin nan namu?

Baban Sultan:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema kafin in tura kuɗi. Motata BMW E46 ce, 330Ci, an taɓa injin, an sauya salansa, an sa mata shokazoba masu sauke ta ƙasa. Abin da ya rage a raina shi ne bonet da murfin but na kabon faiba, sai ɗan leɓen nan da ake ɗaurawa a ƙarƙashin bambar gaba. Mutum biyu na samu. Ɗaya yana Dubai, ya ce kaya na ƙasa, ya turo hoto. Ɗayan wani shago ne a Ingila da ke yi wa mutum a kan oda, kuɗinsa ya kusa ninka na farko sau uku, kuma sai na yi jira. A hoto dai saƙar iri ɗaya ce, duka suna ƙyalli. Me ya kawo wannan tazara ta kuɗi? Kuma wanda ya taɓa sa wa motarsa a nan gida, yaya ta kaya da rana?

Mai Golf:
Wa alaikumus salam. Yaya, ɗauki na Dubai kawai, kabon ai kabon ne. E46 da bonet ɗin kabon, wallahi duk inda ka tsaya sai an waiwayo.

Baba Fanel:
Wa alaikumus salam. Alhaji, kada ka tura ko sisi tukuna. Ka ce wa na Dubai ɗin ya kifa bonet ɗin ya ɗauko maka hoton cikinsa, ɓangaren da ke kallon injin. Can gaskiya take.

An kawo mini irinsa gareji a ce in ɗaura. Daga sama saƙa ce mai kyau, babu abin kushewa. Da na kifa shi sai ga zaren faiba, irin wanda muke liƙe fasasshiyar bamba da shi, an bi shi da baƙin fenti. Na sa farce na kankare gefe, farin zaren ya fito. Kabon ɗin falle ɗaya ne tak a sama. Muka ɗora shi a sikeli, muka ɗora na ƙarfen da aka cire, bambancin bai taka kara ya karya ba. Wajen ɗaurawa kuma muka sha fama: ta gefen fitilar dama ɗan yatsana yana shiga tsakaninsa da modigad, ta hagu kuwa yana goga. Wannan ba laifin mai ɗaurawa ba ne, mazubin da aka yi shi a ciki ne ya gaji.

Ɗan Sharja:
Baba ya faɗi gaskiya, ni da nake sayar da kayan ba zan ƙaryata shi ba. Amma a yi mana adalci. Cikin masu zuwa wurina, mafi yawansu ado suke so, ba rage nauyi ba. Na falle ɗayan nan shi ne abin da aljihunsu zai ɗauka, kuma idan na faɗa wa mutum abin da yake saya, ban cuce shi ba. Cuta ita ce a sayar maka da shi da sunan wanda ake kira dirai, a karɓi kuɗin dirai.

Baban Sultan:
To yauwa, wannan dirai ɗin shi ne abin da na Ingila yake ta nanata mini. Injiniya, kana kusa? Kai ne kake cikin harkar.

Injiniya daga Jamus:
Ina nan, yanzu na tashi daga aiki. Ku yi haƙuri, zan ɗan tsawaita, domin in ba a san yadda ake haɗa abin ba, hoto zai ta ruɗar mutum.

Abin da muke kira kabon faiba abu biyu ne a haɗe: zare da danƙo. Zaren ana samo shi ne galibi daga wani zaren roba da ake kira PAN, dangin akirilik ɗin da ake saƙa rigunan sanyi da shi. Ana gasa shi a hankali, daga baya a kai shi zafin da ya haura digiri 1,000 a cikin iskar naitirojin don kada ya ƙone, har sai kusan komai ya fita an bar kabon zalla. Kowane sili kaurinsa wajen kashi 7 cikin 1,000 na milimita ne. Idan ka ga an rubuta 3K a jikin yadi, sili 3,000 ne a kowane ɗauri. Kamfanin Toray na Japan shi ne kan gaba a duniya wajen yin sa.

Zaren shi kaɗai yana da ƙarfin ja, amma ba ya tsayuwa da kansa. Danƙon, wato rezin, shi ke riƙe shi a siffar da ake so. Ku ɗauka rodi ne da siminti: rodi ke ɗaukar ja, siminti ke riƙe rodin a wurinsa, kuma idan kwaɓin bai yi kyau ba, tsadar rodin ba za ta ceci ginin ba. Yawancin tazarar kuɗin da Baban Sultan ya gani a nan take, a wajen danƙo da yadda aka gasa shi.

Mai arha ana shimfiɗa yadi a mazubi, a shafa danƙo da buroshi, a bar shi ya bushe a ɗaki. Hannun mutum ba ya iya daidaita danƙo, sai ya yi yawa, kuma kumfar iska na maƙalewa a ciki. Yawan danƙo nauyi ne kawai, ba ya ƙara ƙarfi. Na tsakiya ana rufe yadin da leda a zuƙe iskar, sai danƙon ya bi ta cikin zaren daidai gwargwado. Mai tsadan kuwa yadinsa tun daga masana'anta yake zuwa da danƙo a jikinsa, an auna. Dole a ajiye shi a firiza, wajen digiri 18 ƙasa da sifili, in ba haka ba ya fara daskarewa da kansa. Ana yanka shi, a jera shi falle-falle kowane da inda zarensa zai fuskanta, a rufe a zuƙe iska, sannan a sa shi a wata babbar tanda mai matsi da ake kira otokilef. Zafin yakan kama daga digiri 120 zuwa 180, matsin kuma kusan ninki uku na iskar da ke cikin tayar mota. Shi ne dirai.

Sannan akwai kuɗin mazubi. Wanda zai yi maka a kan oda sai ya fara samun siffar motarka daidai, ko dai ya kwafa daga bonet na asali mai lafiya, ko ya ɗauki siffar da na'ura ya sassaƙa samfuri. Idan mutum ɗaya ko biyar ne za su saya, su za su biya kuɗin mazubin nan gaba ɗaya. Mai yin dubbai kuwa yana iya cire kaya daga mazubi ɗaya har ya lalace, shi ne abin da Baba ya gani a gefen fitila.

Baba Fanel:
Allah ya yi albarka, Injiniya. Na ga abin da idona, yau na ji dalilinsa.

Mai Golf:
Amma Injiniya, ko mai arhan ai ya fi ƙarfe ƙarfi. Motocin Formula 1 da shi ake yi. Na ga hatsarin da mota ta rabe biyu direba ya fito da ƙafarsa.

Injiniya daga Jamus:
Ƙanena, abin da ka gani gaskiya ne, amma ba ya nufin abin da kake zato. A 1981 McLaren ta fito da motar tserenta MP4/1, wadda John Barnard ya tsara, da gangar jiki ta kabon. Mutane da yawa a lokacin suna tsoron za ta tarwatse idan ta yi karo. A shekarar John Watson ya yi mummunan hatsari da ita a filin tseren Monza na Italiya, injin da giya suka rabu da motar, shi kuwa ya fito lafiya. Daga nan sauran suka bi. Sai dai wannan akwati ne da aka lissafa kowane falle nasa don ya kare mutum, aka gwada shi. Bonet ɗin kasuwa babu wanda ya buga shi da bango ya ga yadda zai yi.

Kuma bonet ɗin ƙarfen da BMW ta sa wa motar nan da gangan aka yi shi ya lanƙwashe a tsakiya idan an yi karo ta gaba, don kada ya taho a miƙe ya shigo ta gilashi. Ƙarfe yana lanƙwasa, kabon ba ya lanƙwasa, karyewa yake yi. A nan Jamus ba ka isa ka ɗaura irin wannan kaya ka hau titi ba sai yana da takardar amincewa, ko ka kai wa masu duba mota irin su TÜV su gani su shigar da shi a takardun motar. In ba haka ba, izinin hawan motar kansa na iya faɗuwa.

Baba Fanel:
Bari in ƙara a kan wannan, don shi ne ya fi damuna. Ƙugiyar da ke kulle bonet, a na ƙarfe walda ce ko noti a jikin ƙarfe. A na faiba da kabon, ɗan farantin ƙarfe ne aka binne a cikin danƙo. Zafin injin na dukansa, girgizar hanya na dukansa. Ranar da ya saki, kana kan hanyar Kaduna zuwa Abuja kana gudu 120, bonet zai tashi ya rufe maka gilashi gaba ɗaya. Duk wanda ya zo mini da irinsa, sharaɗina shi ne sai an huda an sa masa fil biyu na ƙari a gaba. Wanda ya ce fil zai ɓata masa kwalliya, ina ba shi haƙuri ya kai wani wuri. Kuma sandunan gas ɗin nan masu ɗaga bonet, na asali an yi su ne don nauyin ƙarfe, idan aka bar su suna tanƙwara mara nauyin ta wajen hinji. A cire su ko a sa masu laushi.

Ɗan Sharja:
Fil ɗin nan akwai masu kwanciya daidai da jikin bonet, irin AeroCatch, ba sa fitowa waje. Ko manyan masu yin bonet ɗin kabon suna rubutawa a takardarsu cewa a sa fil.

Baban Sultan:
Na ji batun tsaro, kuma na ɗauka. Saura rana. Motar nan a waje take wuni, wurin aikina babu rumfa.

Ɗan Maraɗi:
Sannunku. Wani maƙwabcina ya sa wa motarsa murfin madubi da ɗan fiffiken baya na kabon. Bazara ɗaya suka gani suka koma ruwan ɗorawa, saman ya fara ɓarewa. Da hunturu ya zo yara suna goge ƙura da busasshen tsumma, sai ya ƙarasa dushewa. Ban san ko na bonet zai fi haka ba, amma shi da yake kwance yana kallon sama, ina ganin ya fi shan wuya.

Injiniya daga Jamus:
Malam, ka taɓo inda ya fi muhimmanci gare mu. Zaren kabon bai damu da rana ba ko kaɗan. Danƙon ne ke wahala, kuma ta hanya biyu.

Ta farko hasken rana. Ifoksi, wato irin danƙon da ake haɗa kabon da shi, ba ya jure shi, yana komawa rawaya, daga baya ya yi gari-gari. Abin da ke kare shi shi ne kiliya, wato fentin nan marar launi da ake fesawa a sama. Idan kiliyar mota ce ta gaske mai kare hasken rana, zai daɗe. Masu arha da yawa ba su da ita, ƙyallin da kake gani na danƙon ne kawai.

Ta biyu zafi. Kowane danƙo yana da matakin zafin da idan ya kai zai fara laushi. Wanda aka bari ya bushe a ɗaki ba a sake gasa shi ba, yakan fara saki tun daga wajen digiri 50 zuwa 60. To a watan Afrilu a Kano ko Maraɗi iskar gari kanta tana haura 40. Baƙin abu da ke kwance a rana tsaka yana iya wuce 70 cikin sauƙi, ga injin mai silinda shida yana hura shi ta ƙasa. Sai ka ga bonet ya yi tudu da kwari, saƙar ta fito ana jin ta da hannu. Wanda aka gasa a digiri 120 ko sama ba ya jin wannan zafin. Abin da zai yi shekaru a Ingila ba tare da matsala ba yana iya lalacewa a wurinmu cikin bazara guda, don haka tambayar da za ka yi wa kowanne cikinsu ita ce: wane danƙo ne, kuma a zafi nawa aka gasa shi? Wanda ya yi kayan da hannunsa zai ba ka amsa nan take.

Baba Fanel:
Ni shawarata ga wanda motarsa ke kwana a waje, ya fente shi da launin motar. Fenti ya fi kowace kiliya kare shi.

Mai Golf:
Haba Baba! In an fente shi to me aka yi? Wa zai san kabon ne?

Baba Fanel:
Yaro, to ka ga ka amsa wa kanka. In don a gani ne, akwai sitika mai zanen saƙar, a liƙa maka a kan bonet ɗinka na ƙarfe, ƙugiyarka na nan daram, in ta ƙone a ɓare a sa wata. Ban raina mai son ado ba, ni ma da ado nake cin abinci. Amma mutum ya san abin da yake nema.

Malamin Lissafi:
Ina bin ku tun ɗazu. Ku bar ni in sa lamba a maganar. E46 330Ci nauyinta wajen kilo 1,500 ne. A ce bonet ɗin kabon mai kyau ya rage kilo 10. Wannan bai kai kashi 1 cikin 100 na nauyin motar ba. Litar fetur ɗaya wajen giram 750 ce, ke nan lita 14 a tanki ta kai wannan nauyin. Shin akwai wanda yake jin bambanci a totur tsakanin rabin tanki da abin da ya ɗan haura rabi?

Injiniya daga Jamus:
Lissafinka daidai ne, Malam. Abin da zan ƙara shi ne ba duka kilo ne ɗaya ba, ya danganta da inda yake zaune. Kuma misalin yana cikin gidan E46 ɗin kanta. A 2003 BMW ta fitar da M3 CSL, wadda ta fi M3 ta yau da kullum sauƙi da kusan kilo 110. Rufinta na kabon ne, amma abin da rufin ya rage bai kai kilo 10 ba. An zaɓe shi ne don shi ne a can saman motar, rage nauyi a can yana sauko da tsakiyar nauyin motar ƙasa, ta fi zama a kwana. Sauran kilon daga ina suka fito? Kujeru marasa nauyi, gilashin baya mai sirantaka, an rage kayan kashe ƙara, har na'urar sanyaya mota da rediyo sai wanda ya nema ake sa masa. Ba abu ɗaya ne ya yi aikin ba.

Inda kilo ya fi tsada shi ne abin da ke juyawa da abin da ke ƙarƙashin shokazoba, wato wili da taya da birki. Shi ya sa Ford ta sa wa Shelby GT350R wilin kabon, wanda kamfanin Carbon Revolution na Ostareliya ya yi. Nissan 350Z kuma da farfelar kabon ta fito daga masana'anta, wato sandar da ke kai juyin giya zuwa tayoyin baya. Amma kada kowa ya ji wannan ya sayo wilin kabon ya shiga ramukanmu da shi. Wilin alminiyam in ya bugu yakan lanƙwashe ka gani. Kabon yana iya rabewa ta ciki tsakanin falle da falle, waje kuwa lafiya lau. Mu a wurin aiki da na'urar sauti muke dubawa. A gareji abin da za a iya shi ne a riƙa ƙwanƙwasa shi da kwabo: wuri mai lafiya yana ƙara tsaf, wurin da ya rabe sai ka ji sautin ya mutu.

Ɗan Sharja:
Alhaji Baban Sultan, ga wata hanya da ba a ambata ba, ko da yake ba ta kawo mini riba kamar kabon. M3 ta E46 da bonet ɗin alminiyam ta zo, mai ɗan tudun nan a tsakiya. Na asali ne, ƙugiyarsa ta kamfani ce, rana ba ta yi masa komai. Ana samun na hannu a nan wajen masu yanka motoci. Taka ta wace shekara ce? In ta kafin a sauya wa mai ƙofa biyu fitilu a 2003 ce, sai a gwada a ga ko zai hau. In ta baya ce, bakin fitilar ya bambanta.

Baban Sultan:
Ta 2001 ce. Wallahi ban taɓa kawo wannan a raina ba. Ka duba mini shi, Alhaji, a turo hoto ciki da waje. Bonet ɗin kabon na haƙura da shi. Murfin but ɗin dai har yanzu raina na kai, shi ba ya kan injin kuma ko ya buɗe ba zai rufe mini ido ba. Zan tambayi na Ingila zafin da yake gasawa da irin kiliyarsa. Leɓen gaban fa?

Baba Fanel:
Leɓe kada ka sa na kabon. Motarka an sauke ta, tudun rage gudu na farko a unguwa zai cinye shi. A yi maka na roba ko na faiba, in ya fashe in gyara maka shi da rana ɗaya. Masu tsere da yawa a waje ma da falankin katako suke yin na ƙasan, saboda sun san abin ci ne.

Mai Golf:
To ni fiffike nake so a bayan Golf ɗina, babba, na kabon. Shi ai yana danne mota a ƙasa.

Malamin Lissafi:
Yana dannewa, amma sai an yi gudu sosai. Ƙarfin iska yana ƙaruwa ne da ninkin gudu sau kansa: in ka ninka gudu sau biyu, dannawar ta ninku sau huɗu. A gudun cikin gari kusan babu abin da yake yi. Kuma Golf ɗinka da tayoyin gaba take ja, ka danne baya ka ɗage gaba, ka rage wa masu ja da masu juya sitiyari riƙo.

Anti Nas:
Ni ba ni da mota irin taku, ƙanena ne ya sa ni a zauren nan. Amma tunda ana maganar gudu zan faɗi abin da ke raina. Mu ne muke karɓar yaran da ake kawowa daga wasan mota na biki. Wanda ke tuƙin sau da yawa yana fita lafiya, ɗan kallo ne ake kawo mana da karaya. Ku rage wa mota nauyi, ku ƙara mata ƙarfi, ba ni da ja. Amma don Allah ku faɗa mini a ina za a yi gudun? A titin unguwa?

Mai Golf:
Anti, ba kowa ne mai gyara mota yake wasan biki ba. Ana yi mana kuɗin goro.

Anti Nas:
Ban ce kai ba ne, ƙanena. Amma ka san masu yi, kuma maganarka za su fi ji a kan tawa.

Shugaban Zaure:
Maganar Anti tana kan hanya, kuma dokar zauren nan tun farko ita ce ba a sa bidiyon wasa a titin jama'a. Za mu buɗe mata zance na musamman, don batun filin da za a riƙa yi a killace ya daɗe yana jiranmu. A nan mu ƙarasa na kabon.

Baba Fanel:
To ni tambayata ga Injiniya. Shekaru muna aikin faiba a nan, muna cire mazubi daga bamba mu zuba sabuwa. Yarana sun iya. Me zai hana mu yi na kabon da kanmu, ko da ƙananan kaya ne? Ko sai da tandar nan mai matsi?

Injiniya daga Jamus:
Baba, wannan tambayar ta fi duk sauran faranta mini rai. Wanda ya iya cire mazubi mai kyau ya riga ya yi rabin aikin, domin kayan ba ya taɓa fin mazubinsa kyau. Mai zuwa da danƙo a jikinsa ku bar shi tukuna: sai an kawo shi cikin sanyi, a ajiye shi a firizar da ba ta mutuwa, kuma kun san halin wutarmu. Hanyar zuƙe iska ita ta dace da ku. Busasshen yadi ba ya lalacewa a ajiye. Abin da ake bukata shi ne yadin, da ifoksi mai ruwa-ruwa wanda aka yi don wannan aiki, da ledar rufewa, da ragar da danƙo ke bi, da famfon zuƙe iska. Masu koyo da yawa da kwamfuresar tsohon firji suke farawa.

Yadin da aka fi amfani da shi a fuska shi ne 3K mai saƙar biyu-biyu, mai nauyin giram 200 a kowace murabba'in mita. Falle ɗaya kaurinsa wajen rubu'in milimita ne, ke nan murfin madubi zai ci falle uku ko huɗu. Kada a jera su duka suna kallon gefe guda, a karkata wasu, saboda ƙarfin yana bin inda zaren ya miƙe ne. Kada kuma a yi amfani da danƙon faiba da kuka saba, ba ya kama kabon kamar ifoksi, kuma yana tsukewa idan ya bushe. Bayan ya daskare sai a sake gasa shi a akwati mai zafi, a hau a hankali zuwa digiri 60 ko 80 gwargwadon abin da takardar danƙon ta ce, a bar shi sa'o'i. Wannan gashin na biyu shi ne zai sa ya jure ranarmu, kuma yana cikin mazubinsa ake fara shi don kada ya karkace.

Abu ɗaya da ake mantawa: kabon yana ɗaukar lantarki. Idan ya haɗu da alminiyam kai tsaye kuma ruwa ya shiga tsakani, alminiyam ɗin ne ke cinyewa. Duk inda zai taɓa shi a sa falle ɗaya na faiba a tsakani, noti kuma a sa na ƙarfen da ba ya tsatsa.

Anti Nas:
Baba, in za ku fara, a kula da yaran. Ƙurar yankan nan tana shiga huhu, tana sa ƙaiƙayi a fata da ido. Ifoksi kuma idan yana taɓa fata kullum, jiki na iya ƙin sa, hannu ya riƙa kumbura da ƙuraje duk lokacin da aka kusance shi, kuma in ya kama mutum da wuya ya rabu da shi. Safar hannu ta roba da takunkumi mai matata, ba ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci ba.

Injiniya daga Jamus:
Haka ne, Anti. A riƙa yanka shi ana jiƙawa da ruwa, kuma nesa da injinan lantarki, don ƙurar in ta shiga cikin giranda tana haɗa waya ta ƙona ta.

Baba Fanel:
Na ji, 'yata, za a saya musu. Alhaji na Sharja, in za ka haɗo wa Baban Sultan bonet ɗinsa, ka sa mini mita biyar na yadin nan da ledar da ragar a cikin kayan. Mai Golf, kawo mini murfin madubinka gobe da safe in cire mazubi, da naka za mu fara.

Ɗan Sharja:
Yadi da leda da raga babu matsala. Danƙon ne sai na tambayi masu jigila, don ba kowane jirgi ke ɗaukar sinadari mai ruwa ba, wataƙila sai ta kwantena. Injiniya, turo mini sunan irin wanda ya dace da zafin da ka ce, in nema gobe in Allah ya kai mu.

Mai Golf:
Baba, ƙarfe tara ina gareji. Duka biyun zan kawo, na dama da na hagu, don siffarsu ba ɗaya ba ce.